A baƙanta layukan jikin Phantom ko a bar su yadda suke?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina haɗa samfurin jirgin yaƙi F-4E Phantom na roba, ma'aunin 1/48, wato an rage girmansa sau 48, kuma na kawo inda sai da shawararku. Mazaunin matuƙa ya kammala, na haɗe gangar jikin, fukafukai sun zauna, na bi wuraren haɗi da sanfefa. Launin da nake so shi ne wanda sojojin saman Amurka suka yi wa jiragensu a yaƙin Biyetnam: kore iri biyu da ruwan ƙasa a sama, toka mai haske a cikinsa, wato ƙarƙashinsa. Tambayata biyu ce. Ta farko, ba ni da bindigar feshi, buroshi kawai gare ni, shin zai yi? Ta biyun ce ta fi damuna. Kusan duk samfurin da na gani an bi layukan jikinsa da baƙin fenti, kowane murfi da kowace ƙusa sun fito raɗau. Amma da na duba hotunan jirgin na gaske, da ƙyar nake hango layukan. To wanne zan bi?

Dattijon Bita:
Wa alaikumus salam ɗana. Idonka bai yaudare ka ba. Ɗauko biro mu yi lissafi. A ce layin da aka sassaƙa a jikin robar faɗinsa milimita 0.2 ne, kuma wannan siriri ne a cikinsu. Ninka shi sau 48, ya zama milimita 9.6, kusan santimita guda ke nan. Jirgin da ke gudu ninki biyu na saurin sauti ba zai yi yawo da ramin santimita guda tsakanin farantan jikinsa ba. A ma'aunin 1/72 abin ya fi haka, wannan layin ya haura milimita 14. Tun daga masana'anta an riga an faɗaɗa layin don ya fito daga mazubi kuma kada fenti ya cike shi. Idan ka zo ka zuba masa baƙi wuluk, ka zuzuta abin da aka riga aka zuzuta.

Ga wani lissafin. Idan ka ajiye samfurinka a tebur ka kalle shi daga rabin mita, daidai yake da tsayawa mita 24 daga jirgin gaske. Daga wannan nisa abin da ido ke gani shi ne siffa da launi da inuwa, sai 'yan layuka tsiraru. Ni shawarata ka bar su.

Mai Feshi:
Baba, da girmamawa, lissafinka daidai ne amma bai ƙare zancen ba. Jirgin gaske tsawonsa mita 19.2 ne, yana tsaye a fili, rana na dukansa, kowane lungu na jikinsa na yin inuwar kansa. Namu santimita 40 ne, a ɗaki, ƙarƙashin ƙwan lantarki. Hasken ba ya raguwa sau 48 don mun rage jirgin. Idan ba ka taimaka wa ido da inuwar da ka zana da hannunka ba, abin zai fito sumul kamar abin wasan yara, babu nauyi a jikinsa. Ni ma ban yarda da baƙi wuluk ba. Amma tsakanin baƙi wuluk da barin layi haka nan akwai fili mai faɗi. A kan kore ka sa kore mai duhu ƙwarai, a kan ruwan ƙasa ka sa ƙasa-ƙasa mai duhu, a cikin jirgin ka sa toka. Layin zai fito ba tare da ya yi ihu ba.

Dattijon Bita:
Idan kowane layi ya samu wannan hidima daidai wa daida, daga hanci har wutsiya, to taswira ka zana a jikin jirgi. Launin da ka zaɓa bai canza wannan ba.

Tsohon Makanike:
Ku ba ni dama in sa baki, don na yi shekaru hannuna cikin man jirgi, ko da yake ba Phantom ba ne. Layukan jikin jirgi ba iri ɗaya ba ne. Akwai farantan da aka ɗaure da ƙusoshi tun a masana'anta, aka cike tsakaninsu, aka fesa fenti a kai. Waɗannan ba mai taɓa su sai babban gyara, kuma ko kana tsaye kusa sai ka sa ido kafin ka ga mahaɗarsu. Akwai kuma ƙofofin da ake buɗewa kullum: na duba inji, na zuba mai, na kayan lantarki, na loda harsashi. Nan ne datti ke zama. Makanike ya zo da hannu duk maiƙo ya dafa, sukundireba ta kankare fentin kan noti, a mayar da murfi, wani lokaci ma a ɗauko na wani jirgin a sa, launinsa bai yi daidai da na kewayensa ba. Sai kuma abin da ke motsi, bakin fiffike da na wutsiya da birkin iska, waɗannan rami ne na gaske tsakaninsu da jiki, duhunsu halas ne.

Mai kuma idan ya ɗiga ba ya tsayawa inda ya fito. A sama iska na jan sa daga gaba zuwa baya, ya yi dogon zane siriri. A ƙasa, jirgi na tsaye, ya gangara ya taru a ciki. Shi ya sa cikin Phantom ya yi suna wajen ƙazanta, musamman ƙarƙashin injinan nan biyu zuwa baya, alhali bayansa na sama rana ce ta fi yi masa illa, ba mai ba.

Mai Feshi:
Madalla Malam. Ka ga ke nan akwai dattin.

Dattijon Bita:
Akwai shi, a wurarensa. Abin da nake faɗa ke nan.

Uwar Biyu:
Kun bar yaro da tambayarsa ta farko kun tafi taku. Ƙanena, buroshi zai yi, ni da shi nake aiki. Sirrin ba ya wuce tsinka fenti da haƙuri. Kada ka ɗebo daga kwalba ka shafa kai tsaye. Zuba kaɗan a wani murfi, ka ƙara masa abin tsinka shi har idan ka ja shi a gefen murfin ya gangaro ya bar ɗan launi a bayansa. Nemi buroshi mai faɗin baki mai laushi, ka ja shi hanya ɗaya, kada ka koma kan inda ka wuce alhali bai bushe ba, don nan ne sawun gashi ke fitowa. Shafin farko zai yi maka muni, robar na leƙowa ta ko'ina. Kada ka tsorata ka ƙara kauri. Bar shi ya bushe sarai, ka sake. A shafi na uku ko na huɗu za ka ga launi ya rufe, layukan kuma ba su cike ba.

Fara da mai haske ka ƙare da mai duhu: tokar ciki, sai ruwan ƙasa, sai kore mai haske, sai kore mai duhu. Kafin duk wannan ka wanke samfurin da ruwan sabulu don maiƙon yatsu na hana fenti kamawa, sannan ka fesa masa fentin share fage na gwangwani, toka, siriri. Shi zai tona maka asirin duk mahaɗar da ba ta goge ba. A Phantom ka duba bayansa daga gilashi zuwa wutsiya, da inda bakunan shan iska suka haɗu da jiki. Inda ka ga layin haɗi, cike shi, ka bi da sanfefa mai lamba 600 sannan 1000, ka sake fesawa. Gara ka ɓata kwana a nan da ka gan shi bayan ka gama launi huɗu.

Mai Feshi:
Anti, matsalar buroshi a wannan launi ita ce iyaka. Jiragen nan da bindiga aka fesa su, inda kore ya haɗu da ruwan ƙasa bakin a dishe yake, ba a yanke ba. Buroshi kuwa yanka yake yi.

Uwar Biyu:
Ari biron Baba ka lissafa. A ce dishewar ta kai santimita 5 a jirgin gaske, a 1/48 milimita guda ce da ɗan ɗori. Yawancin masu bindiga da ke fesawa ba tare da rufe komai ba, dishewarsu na kai milimita uku ko huɗu, wato sun fi ni nisa da gaskiya. Idan yana son ya tausasa bakin, ya samu tsohon buroshi gajere, ya goge fentin a tsumma har ya kusa ƙarewa, ya riƙa dangwalawa a kan iyakar a tsaye. Yana ɗaukar lokaci amma yana fita.

Mai Feshi:
Wannan na karɓa. Ni ma ba na sakin hannu a 1/48. Nakan murza Blu Tack, ɗankon nan na liƙa takarda a bango, ya yi siriri kamar igiya, in shimfiɗa shi a kan iyakar, in rufe sauran da takarda da salatif, in fesa a tsaye daga sama. Saboda igiyar zagayayya ce, ɗan fenti na shiga ƙarƙashinta ya ba da dishewa 'yar kaɗan. Wannan dabara na aiki ko da fentin gwangwani ne, don haka ƙanenmu na iya gwadawa ba sai ya mallaki kwamfuresa ba. Sai dai ya fesa a waje ko gaban taga a buɗe, ya rufe hanci, don tururin fentin gwangwani ba abin shaƙa ba ne.

Ɗan Tarihi:
Duk kun yi ta magana a kan Phantom kamar jirgi ɗaya ne. An ƙera 5,195, na gwaji na farko ya tashi a 1958, kuma ƙasashe da yawa sun yi aiki da shi shekaru da dama. Malam Sabon Hannu, wane jirgi kake ginawa, na wace shekara? Ba don tsanani na tambaya ba, amsar tana canza har robar da za ka manna. F-4E ya fara tashi a 1967, shi ne aka sa wa bindigar M61 a ƙarƙashin hanci. Na farko-farko bakin fiffikensu babu faifan nan masu zamowa gaba da ke taimaka wa jirgi juyawa, sai daga 1972 aka fara sa su. Bakin bindigar ma na farko gajere ne, daga baya aka tsawaita murfinsa. Idan tambarin da za ka liƙa na jirgin 1969 ne, fiffikenka kuma na bayan 1972, ka haɗa jirgin da bai taɓa wanzuwa ba. Juya samfurin ka duba ƙarƙashin bakin fiffike, idan akwai 'yan ƙullutai a jere to mai faifan ne.

Launukan kuwa suna da lambobi a tsarin gwamnatin Amurka: kore mai duhu FS 34079, kore mai haske FS 34102, ruwan ƙasa FS 30219, tokar ciki FS 36622. Kamfanonin fenti da yawa na rubuta lambar a jikin kwalba. Amma ka sani wannan launin ranar da aka fito da jirgi daga rumfar fenti ne. Bayan watanni a ranar Tailan da damunarta, ruwan ƙasan na koɗewa, korayen biyu na matsowa kusa da juna, a yi faci da sabon fenti inda ya kankare. Don haka nemi hoton jirgi guda, mai lamba guda a wutsiya, ka manna shi a gabanka. Shi zai raba gardamar Baba da Mai Feshi, ba mu ba.

Sabon Hannu:
Na gode ƙwarai Yaya. Na duba, babu ƙullutan, fiffiken na farko ne, kuma akwai bakin bindiga iri biyu a kwalin, ban manna ko ɗaya ba tukuna. Tambarin da na zaɓa na jirgin sansanin Korat da ke Tailan ne, mai bakin kifin shak a hanci da haruffan JV a wutsiya. Na samu hotunansa biyu, ɗaya daga gefe, ɗaya daga ɗan sama. A na gefen ina ganin ƙofofin da ke ƙasan mazaunin matuƙa da duhu-duhu a kewayensu, da tabon takalmi a saman bakin shan iska. Bayan jirgin kuwa kusan ba layi, sai facin fenti.

Ɗan Tarihi:
To ka sa gajeren bakin idan hoton ya nuna haka. Jiragen Korat na runduna ta 388 ne, kuma bakin shak ɗin nan shi ne abin da ido zai fara sauka a kai, don haka ka ba shi lokacinsa.

Tsohon Makanike:
Tabon takalmin nan da ka gani, ka yi shi. Nan matuƙi na baya da masu ɗaure musu bel ke takawa. Irin wannan ne ke nuna mutane sun yi aiki a jikin jirgi.

Mai Feshi:
Tunda an zo kan tambari, ga jerin yadda nake bi. Idan launi ya bushe, shafe jirgin gaba ɗaya da fenti marar launi mai sheƙi. Dalili: fenti marar sheƙi fuskarsa na da kaushi ko da ido bai gani ba, idan ka ɗora tambarin ruwa a kai iska na maƙalewa a ƙarƙashi, sai ka ga gefen tambarin ya yi fari-fari yana ƙyalli. Phantom kuwa jikinsa cike yake da ƙananan rubuce-rubucen gargaɗi, idan kowanne ya yi wannan ƙyallin aikinka ya lalace. Jiƙa tambari a ruwa mai ɗumi na ɗan lokaci, ka ajiye shi har ya fara zamewa da kansa, ka tura shi wurinsa da jiƙaƙƙen buroshi, ka danne ruwan da auduga daga tsakiya zuwa gefe. Bakin shak zai hau kan lanƙwasa, sai ka shafa masa ruwan tausasa tambari irin su Micro Sol. Zai yamutse ya tattare, kada ka taɓa shi ko kaɗan, da kansa zai miƙe ya kwanta cikin layuka idan ya bushe. Bayan nan ka sake shafe shi da mai sheƙi, sannan tsinkakken fentin layuka, a ƙarshe marar sheƙi ya rufe komai.

Abu ɗaya kada ka manta: tsinkakken fentin ya zama ba jinsi ɗaya da na ƙarƙashinsa ba. Idan launinka da abin da ka shafe shi da shi akirilik ne, yi layukan da inamel ko fentin mai na masu zane, don tinar da za ka goge rarar da ita ba za ta ci akirilik ba. Kuma kada ka yi wa jirgin wanka da ita. Idan ta taru a mahaɗa tana sa roba ta yi gautsi, ƙafar jirgi na iya karyewa.

Dattijon Bita:
Wannan duka na sa hannu. Abin da ba zan sa wa hannu ba shi ne ɗabi'ar nan ta fesa baƙi a kan kowane layi tun kafin launi, sannan a cike tsakiyar kowane faranti da haske. Sai jirgi ya fito gida-gida, tsakiya fari gefe duhu, ko'ina iri ɗaya. Na ga an yi wa jirgin da hotonsa ke nuna sabo fil haka. Mutane sun daina kallon jirgi, suna kallon samfurin juna, kowa na kwaikwayon na gabansa yana ƙara kaɗan.

Mai Feshi:
Baba, ba kowa ke gina samfuri don ya zama shaidar tarihi ba. Wani zane yake yi, yana son wanda ya shigo ɗaki ya tsaya ya kalla. Idan ya ji daɗin abinsa, wa ya cuta?

Dattijon Bita:
Bai cuci kowa ba, kuma ban ce a hana shi ba. Amma yaron nan bai tambaye mu yadda zai burge baƙo ba. Ya ga bambanci tsakanin hoto da samfuri, ya tambaya wanne ne gaskiya. Wannan idon da ya gani da shi shi ne abu mafi daraja da yake da shi a wannan aiki, ba na so mu kashe masa shi tun a jirgin farko.

Uwar Biyu:
Ku bar shi ya gani da kansa mana. Ƙanena, akwai tankunan mai a kwalin, biyu na fukafukai da babba na tsakiya. Ɗauki wanda ba za ka rataya ba, ko wani ɓangare da ya yi saura, ka yi masa launi yadda za ka yi wa jirgin. Rabi ka bi layukan da baƙi, rabi da launi mai ɗan duhu, wani wuri ka bari haka nan. Ka ajiye shi nesa da kai kamar tsawon hannu, da rana, ba a ƙarƙashin fitila ba. Kuma tun kafin ka fara launi ka gama da gilashin matuƙa. Kada sufa gulu ya kusance shi, tururinsa na sa gilashi ya yi hazo fari wanda ba ya fita da sauƙi. Farin gam na katako ya isa, yana bushewa garai. Rufe gilashin da salatif ɗin takarda, ka yanke gefen da sabuwar reza, ka fara shafa baƙi a kan firam ɗin kafin kore, don wanda ya leƙa ta ciki ya ga baƙi.

Sabon Hannu:
Salam. Na dawo da sakamako. Na yi gwajin a babban tankin tsakiya da wani murfi da ya yi saura. Baƙin ya yi tsanani, musamman a kan tokar ciki, tun daga bakin ƙofa shi kake fara gani kafin siffar tankin. Inda na bari haka nan ya yi kyau a kan kore mai duhu, amma a kan toka da ruwan ƙasa ya yi fayau, ba komai. Mai ɗan duhun ne ya kwanta min. Abin da na yanke: zan bi bakin abubuwan da ke motsi da ƙofofin da hotona ya nuna da duhu sosai, cikin jirgin in yi masa toka mai duhu da zanen mai daga gaba zuwa baya, bayansa kuma in bar yawancin layukan in yi facin fenti kawai. Launi huɗun sun hau da buroshi yadda Anti ta ce, ruwan ƙasan ne ya fi cin shafi.

Saura wuri ɗaya. Bayan bakin injinan, ƙarƙashin wutsiya, ƙarfe ne tsirara ba fenti. Yaya ake yin sa da buroshi?

Tsohon Makanike:
Wurin nan wuta ke gasa shi kullum, shi ya sa ba a yi masa fenti. Kuma injin Phantom, J79, ya yi suna da baƙin hayaƙi, don haka kada ka yi shi fari tas. Farantan ba launinsu ɗaya ba, na kusa da bakin inji sun fi duhu, wasu na ɗaukar ruwan ƙasa-ƙasa, wasu shuɗi-shuɗi.

Mai Feshi:
Fara da baƙi mai sheƙi, ka bar shi ya bushe kwana guda cur, don launin ƙarfe na tona duk wani kaushi da ke ƙarƙashinsa. Sannan ka haɗa launin ƙarfe kala biyu ko uku, wani ka ɗiga masa baƙi, wani ka ɗiga masa ruwan ƙasa, ka rufe faranti ɗaya-ɗaya da salatif kana canzawa. Kafin ka liƙa salatif a kan launin ƙarfe ka manna shi a bayan hannunka sau biyu ya rage ƙarfi, in ba haka ba zai ɗago fentin. Hayaƙin kuma ka kankaro garin baƙin alli na masu zane, ka shafa da busasshen buroshi daga bakin injin zuwa baya. Sashen fukafukan wutsiya da ke kusa da jiki shi ma ƙarfe ne tsirara, ka haɗa da shi. Idan ka zo manna su ka tuna ƙasa suke kallo da digiri 23, ƙarshen manyan fukafukan kuma na ɗagawa sama da digiri 12. Yanka kwali a kan waɗannan kusurwoyi ka tokare su da shi har gam ya kama.

Dattijon Bita:
Kuma idan ka zo shafin ƙarshe marar sheƙi, ka rufe wannan ƙarfen kada ya hau kansa, zai mayar maka da shi toka. Ka turo mana hoton cikin jirgin kafin ka rataya makamai da tankuna, ina son ganin zanen man nan.